Murafun Kwalba

Ina ɗan shekara tara a Ƙaura,
ranar da jirgin ƙasa ya makara,
fasinja suka cika rumfar Nomau,
wani mai farar riga ya ce a fasa masa ɗaya.
Na ji tsit, na ga hayaƙi a bakin kwalba.

Murfin ya gangaro har gaban ƙafata.
Na take shi, na yi kamar ina kallon dogo,
sai da mutumin ya shige tarago
na duƙa na ɗauka, na lashi cikinsa.
Lemona na farko ke nan, kuma ban saya ba.

Yau shekara sittin da uku.
Gwangwanin madara goma sha ɗaya, maƙil,
akwatin katako mai gida ashirin da huɗu,
mabuɗi bakwai, ɗaya tsatsa ta cinye haƙorinsa,
da allon kwano mai hoton kwalba tana gumi
da na ɓamɓaro a shagon Ɗan'ige
kafin a rushe shi, wata Laraba.

Tumba ta ce, "Maza na tara shanu,
kai kana tara abin da tsintsiya ta ƙi."
Ta faɗa da safe, ta faɗa da dare,
amma in ta dawo daga biki
sai in ji ƙarar ƙarfe a bakin zanenta.
Ta kwance, ta watso mini, ba ta ko duba.

Wannan ja, ranar da na kama aiki a gidan auduga.
Wannan mai lanƙwasa, sunan Hakama,
da haƙori ƙanena ya buɗe shi.
Wannan kore, Sambo ne ya sha rabi
ya ce in ajiye masa saura zai dawo.
Motarsu ba ta kai Gusau ba.

Na taɓa ba da zakara a kasuwar Shinkafi
don wata kwalba mai rubutu a jikin gilashi,
irin wadda makaho zai karanta da yatsa.
Mai kayan ya yi ta dariya har na sha kwana.
Har yau kowa a cikinmu na ganin shi ya ci riba.

Bara likita ya ce suga ya hau,
ko ɗigo kada ya sake taɓa harshena.
Na ce to. Dama ni ba ruwan nake bi ba.

Wani yaro mai sayen ƙarafa ya leƙo,
ya rataya buhun a ma'auninsa,
ya ce, "Baba, kilo shida ne da 'yan kai."
Na ce sauke, ɗana, sauke.
Abin da ke ciki ma'auninka bai san shi ba.

To jiya bayan la'asar na buɗe gwangwani na fari,
na zazzage, na ƙirga, na sake ƙirgawa.
Na tashar jirgi babu.
Na ɗaga tabarma, na kife takalmi,
na fito tsakar gida zuciyata na tafasa,
sai ga Bagudu, jikana, da zare a hannu
yana jan motar gwangwanin kifi.
Ya huda shi da ƙusa, tsakiya cif,
ya yi tayar baya da shi, ta hagu.
Na ɗaga hannu. Hannun bai sauka ba.

Ya ce, "Kaka, wagga ta hi sauran gudu."
Na duba, ai kuwa haka ne.
Shekara sittin da uku yana kwance a duhu,
ga shi yana gangara kamar ranar farko,
yana ɗan ɗingishi, yana tsallake tsakuwa.
Tumba na bakin murhu tana ƙunshe dariya.
Na gyara hula, na ce, "Direba, a hankali,
akwai rami nan gaba."